Kukan Motar Mijinyawa

Duk unguwar Ogui ta Enugu babu wanda bai san kukan motar Mijinyawa ba. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ruwan toka, da an tayar da ita sai ta tsala wani ihu siriri, in ya taka totur kuma ta ƙara. Abin dariyar shi ne mai motar bakanike ne, kuma ba na wasa ba. Shekararsa goma sha bakwai a Enugu yana kashe irin wannan kukan a motocin mutane. Direbobi kan zo tun daga Fatakwal don ya kara kunnensa a injinsu, amma tasa sai ƙara take yi kamar an taka wutsiyar kare.

Mahautan kasuwar Ogbete sun yi tsiyar har sun gaji. Hammadu, babbansu, da ya hango shi sai ya toshe kunnuwa ya ce, "Malam Mijinyawa, don girman Allah ka kai ta wurin bakanike mana!" Shi kuwa sai ya harare shi ya wuce. Mutum ne mai saurin fushi, ba ya son raini, kuma ya san ciwon motarsa sarai. Fanbel ya tsufa ya yi santsi, fulin dainamo kuma ya ɗan karkace daga layin sauran. Aikin minti ashirin ne, ya bar shi shekara shida.

Dalilin yana gida. Matarsa Kubura ta rasa ganinta bayan wani zazzaɓi, shekara shida ke nan. Ba su da ɗa ko ɗaya, danginta na can ƙauyen Rano sun ƙare, shi kaɗai gare ta. Yini take a ɗaki tana jin duniya ta kunne. Da motar ta karyo kwanar layinsu da yamma sai ta miƙe ta lalubo 'yar butarta ta ƙarfe ta tsaya bakin ƙofa, kanta a karkace, kunne ɗaya wajen hanya. Yana sauka zai miƙa hannuwa, ta zuba masa ruwa ya wanke baƙin mai. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinsa ba maganar da namiji zai yi a bakin kasuwa ba ce.

A watan Oktoba na 1966 ya tafi Onitsha sayen kayan gyara, da niyyar ya dawo a ranar. Yana cikin babbar kasuwa gari ya rikice. Kwanaki ke nan jiragen ƙasa suna sauke Inyamurai da suka tsero daga kashe-kashen Arewa, wasu da raunuka, wasu da labarin waɗanda ba su taho ba. A ranar nan fushin mutanen gari ya fashe, 'yan dako da 'yan canji Hausawa suka watse, aka kuma yi shela cewa duk wanda ba ɗan Gabas ba ne ya bar yankin. Obiora, mai shagon da yake sayayya a wurinsa tun da daɗewa, ya ja shi bayan kanti ya rufe shi tsakanin kwalayen filogi.

Kwana biyu ya yi a nan. Ba abin da ya fi cin ransa kamar yamma, lokacin da ya san tana tsaye bakin ƙofa da buta.

Rana ta uku da safe Obiora ya ce hanya ta ɗan lafa. Suka fita bayan shago, Mijinyawa ya tayar da motar. Ta yi ihunta na kullum, amma a ƙarƙashin ihun ya jiyo wani abu dabam, wani gurnani mai kauri kamar ana niƙa tsakuwa.

"Oga Miji, dis one no be di old cry o," in ji Obiora. "E get anoda voice inside."

"Na ji. Kawo mini ruwa."

Ya ɗaga bonet, inji yana aiki, ya yayyafa ruwa a kan fanbel. Ihun ya ɗauke na ɗan lokaci, gurnanin bai ko motsa ba. Ke nan ba daga bel yake ba. Ya ɗauki dogon sukudireba ya dafa bakinsa a jikin dainamo, ya kara mariƙin a kunne, ya ji lafiya lau. Ya matsa zuwa famfon ruwa, sai ya ji kamar ana tauna yashi a cikin kansa. Ya kashe inji, ya zare bel, ya juya kowane fuli da hannu. Na dainamo ya juya sumul. Na famfo kuwa ya yi ƙaras-ƙaras, da ya kama fanka ya girgiza sai ta yi lilo. Boris ɗin cikin famfon ya mutu. A haka ba za ta kai Awka ba, balle Enugu, sai dai inji ya tafasa ta bar shi a tsakiyar hanya, a ranar da bai kamata a ga Bahaushe tsaye a hanya ba.

Obiora ya tono masa famfo daga wata mota da ta yi hatsari. Ya ɗaura. Da ya zo mayar da bel, sai Obiora ya miƙo sabo fil a takardarsa.

"Put dis one. Motor wey dey shout, everi roadblock go turn look am."

Gaskiya ya faɗa, mota mai ihu a kowane shinge sai an juyo an kalle ta. Hannun gwani kuma ba ya iya yin rabin aiki. Kafin Mijinyawa ya yi wani tunani ya riga ya sa wasa, ɗan zoben ƙarfe, a bayan dainamo ya daidaita fulin, ya ja sabon bel, ya danna da babban yatsa ya ji ya lotsa daidai, ya ɗaure noti. Tsohon bel ɗin ya jefa shi ƙarƙashin kujera, don bakanike ba ya yar da komai. Da ya tayar, inji ya yi ta numfashi a hankali. Har wani ɗan daɗi ya ji, Allah Ya sani.

Obiora ya ba shi hular kwano ta ma'aikatan kwal da takarda mai tambarin shagonsa. Ba su yi dogon sallama ba. Shinge uku ya wuce, yana amsawa da guntun yaren Inyamurai da ya iya, ba wanda ya kalli motar sau biyu.

Bayan azahar ya gangaro cikin Enugu. Layinsu tsit, ba mai shayi, ba mai wankin hula, shagon tela a wangale. Ƙofar gidansa ma a buɗe take. Tabarmarta tana nan, tukunya tana nan da sauran tuwo da ya bushe. Ita ce babu, ita da butar.

Ya nufi tashar jirgi. Nan ya ga inda mutanen unguwa suka koma, dubbai, zaune kan ƙunshin kaya, 'yan sanda sun kewaye su. Ya ratsa su yana kiran sunanta har muryarsa ta dushe. Hammadu ya tare shi, ba tsiya yau.

"Malam Mijinyawa, kana da rai? Alhamdu lillahi. Ai mu mun ɗauka kun tafi tare. Wallahi ba wanda ya gan ta. Ka hanzarta, an ce wannan ne jirgin ƙarshe, da la'asar zai tashi."

Ya koma Ogui. Ya buga ƙofar Mama Uzo, maƙwabciyarsu mai sayar da manja, wadda kan leƙo Kubura idan ba ya nan. Wani mutum da bai sani ba ya buɗe, hannunsa a naɗe da tsumma, ya kalle shi da jajayen idanu, ya mayar da ƙofa. Ya buga wasu biyu, ba a amsa ba. Ba damar ya tsaya a titi yana ƙwala kira da Hausa. Hon kuwa tun safe motoci ke ta yi, kowanne irin na ɗan'uwansa. Sai ya shiga mota ya riƙa zagaya unguwar a hankali, lungu-lungu, yana leƙen tagogi. Sau uku ya zagaya. Wata motar 'yan sanda mai lasifika ta wuce shi tana shelar jirgin ƙarshe, bai kula ta ba.

A ƙarƙashin wani mangwaro ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari. Bai taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Gari ne da ya san kowane rami na hanyarsa, ga shi yau ba ƙofa ɗaya da za ta buɗe masa. Shirun ya dame shi, har ya kai hannu zai kashe inji, sai ya ga ashe injin yana aiki, shi ne bai ji ba.

"Kai, Mijinyawa," ya ce a fili, "amma kai jaki ne."

Ya diro ya ɗaga bonet. Inji ya yi zafi, sifana ta zame ya ƙone a gefen hannu, bai tsaya dubawa ba. Ya sassauta dainamo, ya zare wasan da ya sa, ya cire sabon bel, ya lalubo tsohon daga ƙarƙashin kujera ya mayar. Ya bar shi sako-sako, irin aikin da in wani ya yi a garejinsa sai ya kore shi. Ya tayar. Ihun ya dawo, ya cika layin.

Bai gama zagaye ɗaya ba ya ga wata ƙofar langa-langa a bayan layinsu ta buɗe. Mama Uzo ce ta fito da gudu, zaninta duk manja, tana ɗaga hannu. Ta iya Hausa, a Jos ta girma.

"Malam! Wayyo Malam, ina ka shiga? Kwana uku tana nan a rumbun manjata. Gidana ya cika da 'yan'uwanmu da suka dawo, ba zan iya ajiye ta a can ba."

"Tana ina?"

"Ta ce kada in buɗe wa kowa sai na ji motarka. Ɗazu wata mota ta yi ta wucewa a hankali, har sau uku. Na ce bari in leƙa, ta riƙe mini hannu ta ce, 'Ba shi ba ne, Mama, tasa tana kuka.' Da 'yan sanda suka zo da shela sai ta ce in da kana da rai da ta ji ka. Ta yi kuka, ta ce in kai ta. Ni na ɗora ta a motarsu da hannuna."

Ko godiya bai tsaya yi mata ba. Ya ja mota.

Yana isa tasha ya tarar filin wayam, sai takalma da kwanuka a warwatse. Jirgin ya riga ya motsa, hayaƙinsa yana bisa rufin tashar. Akwai wata hanyar ƙasa da ke bin gefen dogo na kamar mil guda, motocin kwal ke bin ta. Ya faɗa mata. Jirgin bai yi sauri ba tukuna, ya yi nauyi, mutane har kan rufi. Ya kamo taragon ƙarshe, ya wuce shi, ya kamo na gaba. Fuskoki cike da tagogi, ba tata. Ko da ya yi ihu ba wanda zai ji shi a cikin ƙarar ƙarafa, don haka ya riƙa taka totur yana saki, yana takawa yana saki, bel ɗin yana tsala ihu iya ƙarfinsa.

A tarago na huɗu aka fara ture-ture a wata taga. Mata biyu suka ja baya, wata ta kutso. Ba motar take kallo ba. Kanta a karkace yake, kunne ɗaya waje. Ya ƙara takawa. Ya ga bakinta yana motsi, bai ji abin da take cewa ba. Sai ta zuro hannu waje riƙe da butar, ta karkata ta, ruwa ya zubo siriri, iska tana kwashe shi.

Ya saki sitiyari ya miƙa hannu ɗaya ta taga, baƙi ƙirin da mai, ko da yake ya san ba za ta gani ba, ruwan ma ba zai iso ba.

Nan hanyar ta karkata zuwa ramin kwal, dogo ya miƙe arewa. Ya taka birki. Ya zauna yana kallo har taragon ƙarshe ya shige cikin itatuwa, sannan ya yi kukan da ya riƙe tun Onitsha. Ba kowa a wurin, sai shi da motar suna yi tare.

Da ya natsu ya sauka ya duba bel ɗin. Gefensa ya fara zare, akwai tsaga biyu a ciki. Makurdi, inda jirgin ya nufa, da nisa, ga shingaye a hanya, kuma Obiora ya yi gaskiya, kowa zai juyo ya kalli mota mai ihu. Ya ɗauko sabon ya juya shi a hannu. Minti goma zai ɗauke shi.

Ya mayar da shi ƙarƙashin kujera, ya ƙara wa lagireto ruwa, ya rufe bonet. Jirgi yakan tsaya shan ruwa a Otukpo, kuma hanyar mota ta bi ta bakin tashar.