Igiyar Inna Kadi

Dala dubu uku Inna Kadi take bin Laraba mai girkin biki, shekara bakwai ke nan. Ran auren 'yar Laraba, Kadi ta zuba mata gudummawar dubu da ɗari biyar. A al'ada, in bikinka ya zo ninkawa ake yi a mayar maka. Da Kadi ta tashi aurar da autarta, Laraba ta zo hannu biyu, ta ci ta sha, ta yi guɗa, ta tafi. Kadi ba ta san baƙi ba, amma tana da igiya a ƙarƙashin gado, kowane bashi da ƙullinsa. Ƙullin Laraba har ya yi baƙi don shafawa.

Yanzu ga auren jikanta Ubaidullah, mushen lakwal, wato malamin makaranta, saura kwana tara, ba a tsai da mai dafa abincin walima ba. Kadi ta riga ta yi lissafinta: a ɗauki Laraba, a cire bashin cikin ladanta. Shi kuwa ango sai ga shi da hantsi ya sauko daga takisin Magariya da wata Zahara'u, mai sayar da abincin biki a birni.

Zahara'u ta zauna bakin tabarma tana nuna hotuna a salula. "Kowa da 'yar robarsa, Inna. Shinkafa, tsoka biyu, cokali. Mutum nawa kuka gayyata?"

"Gayyata?"

"Ɗari biyu, Kaka," in ji Ubaidullah. "Na buga takardu."

"To wanda ya zo ba takarda fa?"

"Sai haƙuri," in ji Zahara'u. "Ni da ƙirge nake aiki."

Kadi ta dubi jikanta sama da ƙasa. "Kai, mijin banza, a Waca aka haife ka ko a cikin robar? Wa ke gayyatar mutum biki a garin nan? Hayaƙi ake gani a taho. Dangin kakanka na Sassumbrum da ƙafa za su zo, ba sa isowa sai bayan la'asar. Hoton za ka ba su su lasa?"

"Inna, zamani ne..."

"Ke, ba da ke nake ba. Tashi kar takisi ya bar ki."

Aka aika kiran Laraba. Ba ta zo ba sai da ta ga dama, ta shigo tana goge hannu da zane. Kowa a Waca ya san aikinta: tana ɓoye tukunya ɗaya a bayan rumbu, ko uwar ango ba ta buɗe wa, sai baƙin nesa sun sauka. Ba a taɓa jin wani ya koma da yunwa daga bikin da ta riƙe ba.

"Yaya Kadi, an wuni lafiya? Na ga 'yar birni ta fita tana kumbure-kumbure."

"Ba abin da ya shafe ki. Nawa za ki yi mini?"

"Dala dubu tara."

"Tara! Gidan Maiwada shida kika karɓa, watan jiya."

"Gidan Maiwada ba su da igiya ƙarƙashin gado."

Ubaidullah ya sunkuyar da kai.

"Ashe kin san da bashin," in ji Kadi. "Shekara bakwai kina gaishe ni da bakin da ya ci tuwona."

"Na sani mana. Na kuma san ba don kyauna kika kira ni ba. In ya yi miki tsada, 'yar roba ba ta yi nisa ba, a bi ta da babur."

"Mara kunya."

"Mara kunyar da tukunyarta ba ta ƙarewa."

Kadi ta hango a ranta tsofaffin Sassumbrum zaune gindin itacen bedi, ana kawo musu ruwa da ban haƙuri, labarin kuma ya riga su komawa gida. Ta miƙe da kyar, ta shiga ɗaki, ta fito da kuɗi da igiyar.

"Ubaidu, kira Fati maƙwabciya ta zama shaida."

A gaban Fati ta ƙirga dubu tara ta dire a tabarma. Laraba ta lashi yatsa, ta zare dubu uku ta tura mata.

"Ga bikinki, Yaya Kadi. Allah ya sa alheri."

"A ji da kyau, Fati. Ta biya."

"Na ji."

Laraba ta soke sauran a lalitarta. "Itace amalanke biyu, kuma kan rago da ƙafafu rabona ne," ta ce, ta fice ba sallama.

Kadi ta sa haƙori ta kwance tsohon ƙullin, da kyar ya saki. Ubaidullah ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, Kaka. Magana ta mutu."

Ba ta ko dube shi ba. Shida ne ladan, tara aka karɓa: da kuɗinta aka biya ta bashinta. Ta matsa gaba kaɗan a jikin igiyar, ta ɗaura sabon ƙulli, ta ja shi tam.

"Fati," ta ce, "yaushe ne ma aka sa ranar auren ƙaramar 'yar Laraba?"

"Bayan kaka."

Kadi ta naɗe igiyar, ta mayar ƙarƙashin gado.