Furosesan da Aka Huda

Malam ya sake danna maɓallin. Fanka ta juya, 'yar koriyar fitila ta kama, fuskar kwamfutar kuwa ta tsaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Ta tashi?" matarsa ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Tana tunani."

"Tun hantsi take tunani. Ko ita ma digiri za ta yi?"

Kwamfutar ta matar ce, tsohuwa tukuf, kuma ita kaɗai ke iya magana da injin surfanin da ke gefenta, domin sababbin kwamfutoci ba su da ramin da wayar injin ke shiga. A kan benci ga rigunan 'yan makaranta jibge, kowacce na jiran a ɗinka mata tambari a ƙirji. Shugabar makarantar za ta zo ɗauka kafin magariba, kuma mace ce da ba ta san uzuri ba. Ta riga ta faɗa cewa in aka saɓa mata, akwai wani shago a bakin titi.

Ba wanda ya roƙi Malam ya taɓa kwamfutar. Shi malamin tarihi ne a kwaleji, amma ya gaji da ganin matarsa tana jiran zane ya buɗe, sai ya ƙudurta zai yi mata bazata. Da sassafe ya buɗe cikin kwamfutar, ya ciro tsohon furosesa, wato ɗan murabba'in ƙarfen da ke zaman ƙwaƙwalwarta, ya kai kasuwa a matsayin samfuri. Ya dawo da wanda ya fi shi ƙarfi, ya shiga gurbinsa daidai wa daida. Bazata dai an yi ta.

Ya zauna a kan kujerar ɗinki yana bincike a wayarsa, kuma da kowane layi ransa na ƙara ɓaci. Ashe babban faifan da komai ke zaune a kansa, wanda masu gyara ke kira bod, yana da wata 'yar manhaja a jikinsa mai suna bayos. Ita ce mai gadin ƙofa, kuma wannan mai gadin ya girmi sabon furosesan, bai taɓa jin labarinsa ba. Sai an sabunta shi zai gane baƙon. Sabuntawar kuwa ba ta yiwuwa sai kwamfuta na kunne. Kwamfuta kuma ba ta kunnuwa sai da tsohon furosesa.

"Wannan ai zalunci ne!" ya ce da ƙarfi. "Mutanen da suka ƙera abin nan, a ce cikinsu ba mai hankali ko ɗaya? Ka kulle ɗaki, ka bar makullin a ciki, sannan ka rubuta wa mutane cewa su shiga su ɗauko!"

"To ka mayar da tsohon mana."

Malam ya dubi bango.

"Baban yara. Ina tsohon?"

"Yana wurin mai kayan."

Gaskiyar ita ce, da mai kayan ya miƙo masa tsohon, Malam ya ɗaga hannu irin na manya ya ce, "Riƙe, ka jefar. Mun wuce wannan zamanin." Wannan ɓangaren bai ga amfanin faɗa mata ba.

A cikin bas ya tsara jawabinsa. Zai fara da amana a ciniki, ya gangaro kan haƙƙin mai saye. Layin 'yan kwamfuta yana can ƙuryar kasuwa, inda ake tara gawawwakin na'urori har rufi, ga warin dalma ga ƙarar janareta. Mai kayan, wanda kowa ke kira Injiniya ba tare da an taɓa tambayarsa takarda ba, yana hango shi ya washe baki.

"Yallaɓai! Yaya gudu? Na san yanzu tashi sama ne kawai ba ta yi ba."

"Ko motsi ba ta yi. Me ya sa ba ka gaya mini sai an sabunta bayos ba?"

"Ai ba ka tambaya ba, Yallaɓai. Cewa ka yi zai shiga? Na ce zai shiga. Bai shiga ba?"

"Ya shiga."

"To alhamdu lillahi."

Malam ya haɗiye sashen amana gaba ɗaya. "Ba ni tsohon nawa."

Injiniya ya sosa ƙeya, sannan ya nuna wata igiya da ke rataye a bakin rumfa. Tsofaffin furosesoshi ne jere a jikinta, kowanne an huda shi a kusurwa an zura masa zobe. Na Malam ne na ƙarshe, ramin sabo, har garin ƙarfen bai gama kaɗewa ba.

"Mariƙin makulli," in ji Injiniya. "Duk layin nan haka muke yi da waɗanda aka bar mana. Direbobi na so."

"Ka huda shi? Abu mai rai, yana aikinsa lafiya lau da safen nan, ka sa masa ƙarfe ka huda?"

"Kai ka ce a jefar. Ni na ma mutunta shi."

"To ba ni wani irinsa."

Injiniya ya bi igiyar da yatsa. "Ga irinsa, ga irinsa, ga wani ma. Duk an huda. Wa ke neman wannan yanzu, Yallaɓai? Amma ka ɗauki naka, kyauta. Zoben ma na bar maka."

Maƙwabtan rumfar suka fashe da dariya. Malam ya yi musu bayani a taƙaice kan yadda al'umma ke lalacewa idan ta raina abin da ta gada, wani ya ce "Allah ya ƙara ilimi," sannan kowa ya koma kan aikinsa. Ya bi layin rumfa rumfa. Ko'ina amsar ɗaya ce: jiya ma akwai.

Yana tsaye a bakin titi matarsa ta kira.

"Ka samu?"

"Ana dubawa."

"Ka je wurin Auta. Tare muka sayi tawa da tasa, iri ɗaya ce."

Malam ya rufe ido. Auta ƙanenta ne, magidanci mai shagon buga katin gayyata, kuma tun ranar ɗaurin aure ya ɗauki wasan da ke tsakanin mutum da mijin yayarsa kamar aikin gwamnati. Bai taɓa fashi ba.

Ya tarar da shi yana shan shayi, butar a ɗore kan wani farin akwatin ƙarfe da ya koma ruwan ƙasa. Kwamfutar ke nan.

"A'a, Farfesa da kansa! Yaya ta kore ka ne? Akwai tabarma a baya."

"Aron furosesan cikin wannan nake so."

"Wannan teburin nawa? Me ya samu na Yaya?"

Babu hanyar kewayewa, sai ya faɗa. Auta bai san furosesa ba, bai kuma damu ya sani ba, amma ya fahimci labarin sarai. Ya sa aka maimaita masa wurin hudawar. Ya kira mai shagon kusa shi ma ya ji.

"Wato ka ba da lafiyayye, ka karɓo wanda bai aiki, yanzu ka zo aron lafiyayye don wanda bai aiki ya yi aiki."

"A taƙaice."

"Kai, boko da daɗi. Ɗauki duka akwatin, Farfesa, ni ban iya fiɗa ba. Amma ka dawo mini da shi, butata ba ta son ƙasa."

Haka Malam ya shiga bas rungume da akwatin, da'irar gindin buta a samansa, kwandasta na tambaya ko shi ma kujera za a ba shi.

La'asar ta yi lokacin da ya ciro furosesan Auta ya dasa a kwamfutar matarsa. Fuskar ta kawo haske nan take, ba ko gardama. Ya sa filashi, ɗan abin ajiyar bayanan da ya riga ya sauke sabon bayos a kai, wani shuɗin layi ya fara rarrafe, ƙarƙashinsa gargaɗi cewa in wuta ta yanke a nan, bod ɗin ya mutu har abada. Matarsa ta tsaya a bayansa, hannu a ƙugu. Malam, wanda ya yini yana tsine wa maƙera, ya sami kansa yana roƙon layin a zuci kamar mai lallashin jaki a kan gada.

Layin ya kai ƙarshe. Ya kashe, ya cire na aro, ya mayar da sabon, ya danna. Kafin ya gyara zama kwamfutar ta buɗe. Zanen tambarin ya fito kamar ƙiftawar ido.

"Kin gani?" ya ce, muryarsa ta dawo. "Kin ga abin da nake nufi? Da fa sai kin jira."

"Na gani."

Ta ɗaura riga ta farko a firam, wato zoben da ke miƙe yadi a ƙarƙashin allura, ta tayar da injin. Allura ta fara sauka, tak, tak, tak, daidai yadda take sauka jiya da bara. Malam ya dubi kwamfutar, ya dubi allurar.

"Ba za ta ƙara sauri ba?"

"Ita? Gudunta ke nan tun da aka haife ta. Lokacin da zane ke buɗewa ai zare nake sakawa, ban taɓa jiransa ba."

Ya buɗe baki, ya nemi wanda zai yi wa faɗa, ya rasa. Tulin rigunan bai ragu da komai ba, inuwa kuma ta riga ta haye bangon tsakar gida.

Wayarta ta yi ƙara. Shugabar makaranta ce, ana jin muryarta har inda yake. Matar ta saurara, ta ce, "Wallahi Hajiya na'ura ce ta ba mu matsala tun safe, amma maigidan ya tsaya a kai har ta tashi. Ki ba ni zuwa dare, in kawo miki da kaina." Aka ce wani abu gajere daga can. Ta ajiye wayar.

"Ta yarda?"

"Rabi yau. In rabin bai cika ba, ta kwashe sauran."

Ta ciro riga ta farko daga firam, ta jefa masa a cinya, ta ɗora ƙaramin almakashi a kai.

"Zaren bayan za ka bi kana yankewa. A hankali, kar ka huda."

Malam ya gyara tabarau, ya juya rigar, ya fara.