Ƙarar da Kare Kaɗai Ya Ji

Shekara arba'in da ɗaya ina haɗa wa Lorna Birtwistle sauti. Tun suna su huɗu, suna kiɗan nan mai kaushi da 'yan jarida suka laƙaba wa suna "bayan-pank", har mai ganga ya rasu, sauran biyun suka ɓata a kan abin da ko su ba za su iya tunawa ba. Yanzu ita kaɗai take hawa dandamali, daga ita sai jitarta. Ni kuma ina can ƙarshen zaure gaban na'urata, ina murɗe-murɗe.

Abin da Lorna ba ta sani ba, kunnena ya fara tafiya. A watan Maris likita ya ɗora mini abin saurare a ka, ya ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jiran ya fara. Ashe ya daɗe da farawa. Ya ce siririn sauti ya riga ya wuce ni, ba kuma zai dawo ba. Mai haɗa sauti kurma! Wa zai ajiye shi? Lorna kuwa ba ta wasa da aiki, a gabana ta taɓa korar ƙanenta ciki ɗaya saboda waya guda da ya manta. Sai na ja bakina na tsuke, tsoro yana cina.

Wasanmu na farko bayan haka a garin Todmorden ne, ranar Lahadi, ƙarfe uku na rana. Mutanenmu sun daina iya dare. Masu furfura da masu sanƙo suka cika zauren, cikin baƙaƙen rigunan fata da suka daina rufe musu tumbi, kowa yana rububin kujerar da ke kusa da bayan gida.

Wajen gwajin sauti, kafin a fara, Lorna ta yi abin da ta saba. "Ƙara mini, Sugden."

"Ya kai fa."

"Na tambaye ka? Ƙara."

Na ƙara wa lasifikar da ke gabanta. Haka muka taso a wannan kiɗan, in ƙirji bai girgiza ba, ba a fara ba.

Ana tsakiyar waƙa ta uku, tsohon karen Maxine, mai zauren, wanda ke kwance ƙarƙashin teburina, ya miƙe zumbur. Ya kaɗa kai, ya hau kuka ƙasa-ƙasa yana kartar kunne. Na ture shi da ƙafa. Da ya ƙi bari sai na dubi na'urar. Fitilar can ƙarshe, ta siririn sauti, ta tsaya ja wur ba ta ko ƙiftawa. Lasifika ce take mayar da ƙara cikin makirufo, irin tsuwar nan mai huda kai kamar allura. Tun yaushe? Oho. Ni dai ban ji komai ba.

Na ja maɓallin ƙasa. Fitilar ta mutu, karen ya koma ya kwanta. Sauran waƙoƙi tara da ido na haɗa su, ina zufa, ina cewa a raina shi ke nan, Sugden, yau ka gama.

Da aka tashi na same ta a ɗan ɗakin bayan dandamali, ta juya baya tana zuba shayi. Na ce gara ta ji daga bakina. Na zayyana mata komai, likita da maɓalli da ƙarar da na bari tana tsaga zaure. Ko motsi ba ta yi ba. Na ce a raina, to, wannan fushin ya fi ƙarfin magana.

Sai ta juyo, ta zabura. "Kai! Yaushe ka shigo?"

Ta buɗe wani ɗan gwangwani, ta ciro na'urorin ƙara ji biyu ƙanana kamar wake, ta ɗage gashinta ta cusa su a kunne. "Yauwa. Me kake cewa?"

Haka na sake maimaitawa tun daga farko, wallahi na biyun ya fi na farkon ciwo.

"Wace ƙara?" in ji ta.

Ta leƙa zaure ta ɗaga murya. "Jama'a, akwai wanda ya ji tsuwa a waƙa ta uku?"

Aka yi ta kallon-kallo. Wani mai sanƙo da sanda ya ce, "Lorna, rabon da in ji sautinki tas haka tun shekarar tamanin da ɗaya!"

Ta rufe ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. "Mu muka kashe musu kunnuwa, ni da kai. Shekara takwas ina sa waɗannan, ina cirewa in zan hau dandamali. Kullum tsorona kar ka gane ka ce na tsufa, ka tafi wajen yara."

"Ni? In tafi ina?"

"To ka gani. Ka gyara ƙarar ko ba ka gyara ba?"

"Na gyara."

"To me kake jira, lambar yabo? Gobe ka je a gwada maka irin nawa, tsohon banza. Laraba muna da wasa a Hull, kuma kai za ka tuƙa."

Na ɗauki akwatin jita na fita wajen mota. Ana yayyafi. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, ina dariya hawaye yana zuba. Can na ji cikina ya yi ƙugi. Wata biyu rabon da in ji yunwa. Na kulle motar, na tsallaka titi wajen mai kifi da dankali, na ce ya zuba mini na mutum biyu.