Kwamfutar Sista Tana Neman Faifai

Sati uku ke nan kwamfutar Sista ta koyi roƙo. Da ta zauna aiki sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allon da 'yar ƙararsa, ya ce a saka faifai. Wane faifai? Oho, ba ya faɗa. Ta danna ta kore shi, ta buga layi huɗu, ta adana, sai ga shi ya dawo kamar baƙon da ya manta takalminsa.

Sista ta yi shekara talatin da huɗu tana aikin nas a babban asibiti. Shekara shida ke nan da ta yi ritaya, amma duk layin ba mai kiranta da wani suna sai wannan, har mijinta. Kwamfutar kuma tsohuwa ce, mai babban akwati a ƙarƙashin tebur, 'yarsu ta bar musu da ta yi aure. Da yatsa biyu Sista ke buga ta, amma yatsun nan biyu ba su san gajiya ba.

Littafi take haɗawa. Su talatin da biyu suka shiga makarantar koyon aikin jinya a shekara ɗaya, yanzu saura su goma sha ɗaya. Metiron ɗinsu, shugabar nas-nas da ta horar da su, ta kusa shekara casa'in, kuma ranar Asabar ɗanta zai ɗauke ta ta koma wurinsa, can nesa. Ba wadda ta faɗa da baki, amma duk sun san da wuya su sake ganinta. Sai suka yanke ranar Juma'a za su taru a gidanta su ba ta littafi, kowace da labarinta, da hotunansu na da. Da ake neman mai haɗawa, Sista ce ta ɗaga hannu tun kafin a rufe baki. Tana da dalilinta. A shekararsu ta farko, a gaban 'yan aji da marasa lafiya, Metiron ta zare takardar gefen gado da Sista ta cika, ta yaga ta biyu, ta ce, "Idonki a buɗe yake, amma ba kya gani." Shekara arba'in da wani abu ke nan, maganar tana nan a zuciyarta daram.

To ga shi yau Litinin, saura kwana huɗu, kwamfuta kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Maigidan ne ya gaji da jin tsaki daga falo, ya je ya kira mai gyara na bakin titi. Mai gyaran mutum ne mai tumbi da fara'a, ya shigo da jakarsa, ya kunna, ya kashe, ya leƙa bayan akwatin, ya hura ƙura.

"Mama, wannan sai wanki," in ji shi. "In kwashe miki littafinki a filash, in goge komai, in sake ɗora mata sabo. Jibi ki karɓa fes."

"Me ke damunta?"

"Ai irin waɗannan tsofaffin, komai ma yana damunsu."

"Ban tambaye ka komai ba. Na ce me ya sa take neman faifai?"

Ya yi 'yar dariya. "Ba sai an sani ba, Mama. In an wanke, shi ke nan."

Da ya san wadda yake faɗa wa haka, da ya tsuke bakinsa. Sista ta cire tabarau ta dube shi sama da ƙasa. "Mu a aikinmu ba a yanka mutum sai an san inda ciwon yake. Na gode, ka gaida gida."

Da ya fita maigidan ya ce, "Haba Sista, mutumin nan sana'arsa ce fa. In Juma'a ta zo ba littafi, da wane ido za ki dubi ƙawayenki?"

"Da wannan da nake da shi, Malam. Miƙo mini rula."

Ta ɗauko farar takarda ta ja layuka yadda hannunta ya saba. Gida na farko, lokaci. Na biyu, abin da ake yi. Na uku, abin da aka gani. Na huɗu, sa hannun mai lura. Ta ja na biyar, inda babba ke sa hannu in ya duba aikin ƙarami, sai da ta gama ta tuna ba wani babba a gidan nan. Ta bar shi haka nan ba komai. Ta liƙa takardar da filasta a gefen allon.

Daga ranar kwamfuta ta zama mara lafiya a gado na ɗaya. Ƙarfe goma da minti biyar, an kunna, ba ƙorafi. Goma da minti tara, an buɗe littafi, ta nemi faifai. Goma da ashirin, an adana, ta nema. Ta rufe littafin ta buga wasiƙar ƙarya zuwa ga ba kowa, ta adana sau biyar, shiru. Ta kira maigidan ta ce ya zo ya buga kartarsa da yake yi a kwamfutar bayan cin abincin rana. Ya zauna yana wasa, ita tana tsaye a bayansa da biro da agogo.

"Sista, numfashinki a ƙeyata yana hana ni tunani."

"Yi wasanka. Ba kai nake duba ba."

Minti arba'in ya yi, akwatin bai leƙo ko sau ɗaya ba. Ta rubuta.

Ranar Talata da yamma takardar ta kusa cika gaba da baya. Ta zauna a bakin gado ta bi ta layi-layi da yatsa. Sau ashirin da uku aka nemi faifai, kuma duk ashirin da ukun littafin yana buɗe. Ashe kwamfutar lafiyarta ƙalau. Littafin ne ke da ciwo.

Washegari da safe ta bi shi shafi-shafi, kamar yadda ake danna cikin mara lafiya ana tambayarsa nan ne ko nan. Labaran ƙawaye duk suna gaba, nan ta yi makonni tana gyara. Shafi na goma lafiya, na ashirin lafiya. Tana kaiwa na talatin da ɗaya, inda hotuna suka fara, akwatin ya faɗo. Ta kore shi, ya sake faɗowa. Da ya kauce ta ga abin da ke baya. Gurbin kowane hoto yana nan da sunayen da ta rubuta a ƙasa, amma ciki fayau, sai ɗan jan alama a kusurwa. Hoto arba'in da bakwai, ko ɗaya babu.

Nan ta tuna. Wata biyar da suka wuce ta bi ƙawayenta gida-gida ta karɓo hotunan, ta kai shago aka ɗauke su a na'ura aka zuba mata a faifai, ta mayar wa kowa nasa. Ta saka faifan a kwamfuta, ta jera hotunan a littafi, ta ɗauka sun shiga ke nan. Ashe ba su shiga ba. Littafin leƙa su kawai yake yi a faifan, faifan kuma tun ranar yana zaune a ɗan tirensa cikin kwamfutar, ita ta manta da shi. Mafi muni, babban hoton ajinsu, wanda Metiron ke tsakiya da farar hularta, na wata ƙawarsu ne da ta rasu wata biyu baya, 'ya'yanta sun kwashe kaya sun tashi.

Ta danna maɓallin tiren. Ya fito da faifai, amma na tsofaffin waƙoƙin maigidan ne. Ta jawo aljihun tebur. Ga kwalin faifan nan da filasta a jikinsa, da rubutunta, Hotunan Aji. Ciki wayam.

Maigidan yana bayan gida wurin shukarsa. Tun da ya bar aikin gidan ruwa ya mayar da ɗan filin nan gona, tumatir da barkono a cikin tsofaffin tayoyi da bokitai. Ta fito da kwalin a hannu.

"Malam, ranar da ka saka waƙoƙinka, ina faifan da ka tarar a ciki?"

"Wane? A'a, wannan ai ba komai a jikinsa, ko rubutu babu. Na haɗa shi da tarkacen da..."

Bai ƙarasa ba. Ya yi tsuru-tsuru, a hankali ya ɗaga kai sama. Ita ma ta ɗaga. A kan tumatir ɗin an ja igiya daga katanga zuwa katanga, faya-fayai tara suna rataye da zare suna juyi, suna walƙiya a rana. Sati uku da suka wuce tsuntsaye suka addabi irinsa, wani ya ce masa ƙyalli na korar su.

"Sun kuwa kore su," in ji shi, da ƙaramar murya.

Ta so ta yi faɗa, wallahi ta so. Amma ta dubi kwalin da ke hannunta. Ita da ta yi shekaru tana gaya wa ɗalibai a rubuta suna a jikin kwalba, ba a murfi ba, ita ce ta liƙa wa kwali suna ta bar faifai tsirara. "Rabin laifin nawa ne," ta ce. "Ɗauko almakashi. Kada ka taɓa fuskarsu, riƙe su ta gefe."

Ta shimfiɗa tawul mai tsabta a teburin kicin, ta jera su tara. Ƙura, tabon ruwa, biyu har da kashin tsuntsu. Ta wanke hannu har gwiwa, ta kawo auduga da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu. Yadda ake wanke rauni ta wanke su, daga tsakiya zuwa waje, shafa ɗaya a yar da audugar, ba a komawa baya. Maigidan yana tsaye da kwano yana karɓar audugar da aka yar.

Na farko waƙoƙi ne. Na biyu ya mutu. Na uku na firinta ne. Na huɗu da na biyar kwamfuta ta yi ta gurnani ta tofar. Da ta saka na shida, tiren ya shige, aka ji yana juyi, ya tsaya, ya sake juyi. Sista ta riƙe bakin tebur. Sai hotuna suka soma fitowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata sirara da fararen kaya, ga Metiron a tsakiya, fuska ba wasa.

Arba'in da biyar suka buɗu. Biyu rana ta cinye, ɗaya na ƙofar makaranta, ɗaya nata ita kaɗai ranar da aka ba ta hula. Maigidan ya ce, "Ki yi haƙuri, Sista." Ta ce, "Ni na san yadda nake a lokacin. Ba ni wuri."

Ta kwafe su duka cikin kwamfutar kanta, ta goge fankon guraben, ta sake saka kowane hoto daga can, ɗaya-ɗaya, har yamma. Sannan ta cire faifan, ta rubuta masa suna a jikinsa da alƙalamin maka, ta buɗe littafin ta rufe sau goma. Shiru. Duk da haka ba ta yarda ba sai da littafin ya kwana lafiya, don ba a sallamar mara lafiya ranar da zazzaɓi ya sauka. Ranar Alhamis da rana ta rubuta layin ƙarshe a takardar, ta kai littafin shagon bugawa.

Ranar Juma'a falon Metiron ya cika da tsofaffin mata goma sha ɗaya, da akwatunan da aka riga aka ɗaure a jikin bango. Metiron ta ƙanƙance a kujera, amma idon nan yana nan. Ta bi littafin da gilashin ƙara girma, ta daɗe a kan hoton ajin, tana kiran sunayen waɗanda suka rasu. Aka yi hawaye, aka yi dariya.

Maigidan, da ya kawo Sista a mota aka ce ya shigo ya gaisa, shi ne ya kasa riƙe bakinsa. Ya ba da labarin tun daga mai gyara har tsuntsaye, har da laifinsa bai rage ba, ƙirjinsa a gaba kamar shi ya yi aikin. Ya zaro takardar daga aljihu. Ashe ya ɓamɓare ta daga gefen allon ya taho da ita.

"Malam, mene ne haka?" in ji Sista, kunya ta kama ta.

"Kawo," in ji Metiron.

Ta ɗora gilashin a kan takardar, ta bi ta daga layin farko, ta juya baya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sista, mai jikoki shida, ta ga hannayenta sun koma bayanta da kansu, kamar a shekarar farko.

"Kin gwada ba tare da littafin ba?"

"Na gwada, Metiron. Layi na tara zuwa na sha huɗu."

"Na gani." Ta ɗago kai. "Wannan gidan na ƙarshe fa, me ya sa ba kowa?"

"Ba babba a gidan, Metiron."

Metiron ta miƙa hannu, wata ta sa mata biro. Sai da ta ɗauki lokaci, amma ta sa hannu a gida na biyar, ta rubuta kwanan wata a ƙasa, ta miƙo takardar.

"Kina gani," ta ce.

Sista ta karɓa da hannu biyu. Daɗi ya cika ta, ta ce, "Na gode, Metiron." Ba ta sake ninke takardar ba. A buɗe ta riƙe ta a cinyarta har suka isa gida.