Ƙwarya ta Bakwai

Huji na goma sha ɗaya Kambai ya gama yi a jikin ƙwaryar, ya kashe injin, ya juyo ta don ya hure ƙurar da ta taru a ciki. Nan idonsa ya sauka a kan ɗinkin da ke bakinta.

Tsohuwar tsaga ce, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, an ɗinke ta da zaren kaba wanda ya yi baƙi saboda maiƙon hannu. Kambai ya san wannan ɗinki kamar yadda ya san sunansa, domin shi ya yi tsagar. Yana ɗan shekara bakwai aka aike shi ya ɗauko wa Baba ƙwaryarsa ta sha, ya taho da gudu, ya yi tuntuɓe a bakin zaure. Ranar ya sallama cewa fatar bayansa ta ƙare. Baba bai ko ɗaga murya ba. Ya zaunar da shi a gabansa, ya sa shi riƙe ƙwaryar har ya gama ɗinkewa.

Kambai ya zauna daɓas a kan kafet, injin hujin yana hannunsa.

To, yaya aka yi mutum da hankalinsa, mai shekara arba'in da biyu, ya huda ƙwaryar ubansa? Laifin abarbar roba ne. Bernard, Baturen da suke gyaran wayoyin lantarkin jirgin ƙarƙashin ƙasa tare, shi ya gayyace shi gidansa ya ga 'yar mashayar da ya haɗa a kusurwar falo, irin wadda kowa ke yayi a London a shekarun nan. An jera gora a gaban kantar mashayar, an rataye fitilu masu siffar abarba da kwakwa, duk na roba. Bernard yana ta washe baki, wai ai Kambai zai ji kamar yana gida. Kambai ya yi dariya don kunya, amma abin ya tsaya masa a rai. Shi da ya fito daga gindin dutsen Kagoro, a ce da roba za a nuna masa ƙasar zafi? Ya dawo gidansu na haya a Tottenham ya auna kusurwa, ya sayo gora da katako ya haɗa tasa kantar, ya rubuta wa Mama wasiƙa cewa ta aiko masa da ƙwarya shida.

Juliana, wata nas 'yar garinsu da ta je hutu, ita ta zo da kwalin. Da ya buɗe ya ƙirga, bakwai ya gani. Bai yi wani tunani ba, ya ce Mama ta yi masa gyara, kamar yadda mai hatsi ke ƙara maka ɗan kaɗan a kan mudu. Sati uku yana aiki kowace Asabar. Yakan kankare cikin ƙwarya da cokali, ya goge da samfefa, ya zana itacen kwakwa da fensir, ya bi zanen da huji, ya cusa duwatsun ado kore da ja a ramukan, sa'an nan ya sa ƙaramin ƙwan lantarki wanda ba zai ƙona ta ba. Shida sun kammala, sun yi kyau ba ƙarya. Ta bakwai ya bar ta a ƙarshe don ta fi tsufa, kuma a kife ya ɗauko ta, a kife ya fara hudawa.

"Angelina!" ya kira matarsa. "Angelina, zo ki gani."

Ta fito daga kicin tana goge hannu a zani. Tun safe take fama da miyar karkashi saboda Katung, ƙanen Kambai, wanda jirginsa ya sauka da hantsi.

"Baban Jane, lafiya? Ka yanke ne?"

Ya miƙa mata ƙwaryar, ya nuna ɗinkin. "Ta Baba ce."

Angelina ta dube shi, ta dubi hujin. Ta jawo kwalin daga bayan kujera, ta zazzage tsofaffin jaridun da aka naɗe ƙwaryoyin da su. Can ƙasa wata takarda ta faɗo, an ninke ta huɗu.

"Kai dai ba ka taɓa duba ƙasan kaya ba tun da na san ka," in ji ta. "Karanta."

Rubutun malamin cocinsu ne, domin Mama ba ta rubutu. Bayan gaisuwa da labarin damina, wasiƙar ta ce: "Ga shida da ka tambaya. Ta bakwai ba ta wasa ba ce, ƙwaryar babanka ce. Shekara biyu ke nan tana rataye ba wanda ya sha da ita, gama kai ne babba. Tun da ka ƙi zuwa wurinta, ga ta ta zo wurinka. Idan Katung ya iso ku sha da ita, kai ka fara, shi ya bi, yadda babanka da 'yan'uwansa suka yi. Daga nan gidan ya zama a hannunka. Ka aiko mini da ita ta hannunsa in san ka karɓa."

A gidansu haka ake yi tun kakanni. In maigida ya rasu, ƙwaryarsa takan jira babban ɗa. Kafin ya sha da ita a gaban 'yan'uwa, ba a raba gona, ba a karɓar sadakin 'ya, ba a yanke wata magana mai nauyi. Kambai ya san duk wannan. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya zo London karatun injiniya, jarrabawa ta kayar da shi sau biyu, kuɗin karatu ya yanke, ya kama aikin waya. A gida kuwa har yau Injiniya suke kiransa. Kunyar wannan suna ita ta hana shi komawa. Ko da Baba ya rasu, telegiram ya aika da kuɗin akwati, ya shiga bayi ya yi kukansa, ya fito ya tafi aiki.

"Kawo kyandir," in ji shi.

"Ka yi me da shi?"

"In toshe."

Ta kawo don kada ya ce ba ta taimaka ba. Ya ɗiɗɗiga kakin a ramukan, ya shafe da yatsa, ya kai famfo ya zuba ruwa. Minti ɗaya ba a yi ba uku suka ɓalle, ruwa ya tsiyayo masa har gwiwar hannu.

"To, sai mu ce a hanya ta fashe," ya faɗa a hankali, ba tare da ya dube ta ba.

"Haba, Baban Jane! Juliana ta rungumo kwalin nan a cinya tun daga Kano har nan, sai ka ɗora mata? Ba da ni ba. Kuma fashewar hanya ce ke zana reshen kwakwa?"

Ya ɓamɓare sauran kakin da farce, ya ajiye ƙwaryar a ƙarƙashin kantar, ya rufe da tawul.

Wajen ƙarfe uku baƙar tasi ta tsaya a ƙofa. Tun daga matakala suka ji muryar Katung yana yi wa direba ciniki da Turancin Kaduna. Ya shigo da kwat mai faɗin wuya da takalmi mai tudu, ya yi ƙiba, agogon zinariya yana walƙiya a hannunsa. Yaron da Kambai ya bari yana kiwon awaki, yau ɗan kwangilar siminti ne, tun da kuɗin mai ya buɗe kowa ya shiga gini.

"Yaya!" Ya rungume Kambai har ya ɗaga shi. "Kai, ka yi furfura! Matarmu, me kike ba shi, dankali da ruwan zafi?"

"Zo ka ci ka gani, mijina na banza," in ji Angelina tana dariya.

Ya ci tuwo malmala uku yana zuba labari. An yi kwalta har Kafanchan. Kowane malamin makaranta ya sayi babur da kuɗin ƙarin albashin Udoji. Shi kansa ya kama ɗaki a otal kusa da Oxford Street, Litinin zai shiga kantuna, domin yana son fitilun gilashi irin masu reto daga rufi, guda huɗu, na sabon gidansa. Kambai yana jin sa yana gyaɗa kai.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci gari ya fara duhu, yadda yake yi a London a watan Nuwamba. Angelina ta ce, "Kunna masa aikinka mana." Kambai ya tashi, ya danna makunni. Fitilu shida suka kama. Ɗigon haske kore da ja ya bazu a bango da rufi, itatuwan kwakwa suka miƙe har kan labule.

Katung ya saki baki, sa'an nan ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ikon Allah! Mu can muna zubar da ƙwarya muna sayen tangaran, kai nan ka sa mata lantarki! Amma ta yi kyau, wallahi ta yi kyau." Ya matso ya duba zanen. "Sai dai, Yaya, a garinmu ina ka taɓa ganin kwakwa? Giginya muke da ita."

Maganar ta soki Kambai fiye da yadda Katung ya nufa. Gaskiya ne. Sati uku yana zana ƙasar Bernard, yana cewa tasa ce.

Katung ya zauna a doguwar kujerar gaban kantar, ya cire agogonsa ya ajiye. Muryarsa ta sauka.

"To, Yaya, mu yi abin da ya kawo ni. Fitilar gilashi ko a Legas zan samu. Mama ta ce kada in kwana ban ga ka sha ba. Gonar fadama shekara biyu ba a noma ta ba, kowa na jiran bakinka. Masu neman ƙanwarmu Scholastica sun zo sau uku ana mayar da su. Ina ƙwaryar?"

Kambai ya sunkuya, ya janye tawul, ya ɗora ta a kan kantar.

Hasken fitilun ya ratsa ramukan goma sha ɗaya. Katung ya ɗauke ta, ya juya, ya shafa ɗinkin da babban yatsa. Dariyar nan duk ta bar fuskarsa. Angelina ta tsaya a ƙofar kicin da faranti a hannu.

"Na ɗauka gyara ce," in ji Kambai. "Ban duba ba. Ban ga wasiƙar ba sai yau." Ya ɗago kai. "Katung, kai ka sha. Kai ke can, kai ka binne shi. Ni ko injiniyan da kuke faɗa ban zama ba. Waya nake gyarawa a ƙarƙashin ƙasa. Ga shi abu ɗaya da aka aiko mini na lalata."

"Wannan kuma tsohon labari ne," in ji Katung. "Baba ya sani tun shekarar da ka daina aiko hoto da littafi a hannu. Shi ya ce a ci gaba da kiranka Injiniya, wai mai gyaran wutar Turawa ai ya wuce injiniya." Ya share hanci da bayan hannu. "Da ana ba ƙarami, da tuni na sha na huta. Buɗe kwalba."

"Ba za ta riƙe ba. Na gwada."

"Buɗe dai."

Kambai ya buɗe baƙar giya ɗaya. Ya tallafi ƙwaryar, ya baza yatsu a kan ramukan, ya rufe shida, sauran suka fi ƙarfinsa. Katung ya zagayo, ya sa nasa hannuwan daga ƙasa, yana lalube har ya toshe biyar ɗin. Angelina ta ajiye faranti ta zo ta zuba. Duk da haka tana ɗiga ta tsakanin yatsunsu, tana sauka a kafet ɗin da hukumar da ta ba su hayar gidan ba ta san da shi ba.

"Yi sauri, Yaya, kafin ƙasa ta shanye rabonka."

Kambai ya kafa baki daidai wurin ɗinkin ya sha. Ƙamshin tsohuwar burkutu da hayaƙin ɗakin Baba suna nan a jikin ƙwaryar, samfefa ba ta kai gare su ba. Hawaye suka zubo masa, bai iya sharewa ba don hannuwansa duka suna aiki. Suka karkata ta wajen Katung, shi ma ya sha, kumfa ta ɓata masa kwat.

Da suka gama, Kambai ya goge ta da tawul a hankali, ya miƙa wa ƙanensa.

"Ka gaya wa Mama na karɓa. A noma fadama, a karɓi mutanen Scholastica. Ka kai mata wannan."

Katung ya mayar da hannuwansa baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Ni? In shiga ɗakin Mama da ƙwaryar Baba mai huji goma sha ɗaya? Me zan ce mata, ɓera ne a jirgi? A'a, Yaya. Saƙon fadama zan kai, na Scholastica zan kai. Wannan kam wanda ya huda shi zai kai ta, ya yi bayani da bakinsa."

Kambai ya daɗe yana riƙe da ita. A kan kantar ga waya ta bakwai da ya yanka tun safe, da ƙwan lantarkinta a gefe. Ya naɗe wayar a yatsa, ya buɗe aljihun tebur ya jefa.

"Angelina," ya ce, "fasfo ɗina yana ina?"

"Yana cikin akwatin ƙarƙashin gado. Ya mutu shekara huɗu ke nan."

"Fito da shi. Litinin in Katung ya tafi sayen fitilunsa, ni zan biya ofishin jakadancinmu a sabunta."