Teku Ya Janye da La'asar

Motar ba ta cika ba, don haka Malam Haliru ya sake kunna saƙon, ya kara wayar a kunnensa na dama, wanda ya fi ji. Yaron mota na ta kiran Shagari, Shagari, a tashar Bodinga da kowa ya riga ya san inda za shi.

"Baba, komi ya daidaita," in ji muryar ɗansa Khalid. "Na yi musayar aiki da wani ɗan Filifin, shi zai riƙe mini har in komo. Jirgi na tsayawa da safe, in sauka in hau bas. Yadda ka lissafa haka abin yake, ruwa zai gama janyewa da tsakar ranarmu, la'asar ɗinku ke nan. Ka sa caji. Kuma don Allah wannan karon a juyo mini fuskar Inna. Ko ba ta ce komi ba."

Kaltume, innar Khalid, ta rasu tun kafin a fara yankan gero. An yi sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, an mayar wa masallaci butocinsa. Khalid bai sani ba.

Yayanta, Alhaji Ummaru na Shagari, shi ya yanke haka tun a maƙabarta, ƙasa ba ta bushe a hannunsa ba. Ya ce ba a faɗa wa mutum mutuwar uwarsa ta waya. Yaron yana kan ruwa, yana gyaran na'urorin sanyi a wani ƙaton jirgin 'yan yawon buɗe ido, cikin mutanen da ba su san inna lillahi ba. Wa zai zaunar da shi? Wa zai riƙe masa hannu? A bari kwantiraginsa ya ƙare, in ya sauka Sakkwato manya su tarye shi, a faɗa masa yadda ake faɗa. Dangi suka ce haka ne. Aka gargaɗi masu sa hotuna a waya. Malam Haliru bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. A kwanakin nan ko gishiri aka manta a miya ba ya lura.

Abin da ya sa ƙaryar ta yi ƙarko, Kaltume ce da kanta. Khalid ɗan fari ne, kuma ita irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na ruwa". In ya bugo waya, sai ta zo ta zauna a hagun mijinta da faifai ko tsintar shinkafa, kamar aikin ne ya kawo ta wurin. Khalid ya ce, "Inna na kusa?" Malam Haliru ya ce, "Tana jin ka." Shi ke nan gaisuwarsu, shekara da shekaru. Bayan rasuwar, yaron ya ci gaba da tambaya, uban ya ci gaba da ba da amsa. Bai ma sauya murya ba. Da Khalid ya fara maganar hoton bidiyo, sai aka ƙara masa cewa ƙafarta ta matsa, ta koma Shagari gidan yayanta ana yi mata magani.

Wata mata mai kwandon kaji ta shigo, motar ta cika, suka hau titi.

Malam Haliru ya koyar da labarin ƙasa a sakandare har ya yi ritaya. Kowace shekara sai ya zana wata da duniya a allo, ya bayyana wa 'ya'yan manoman albasa yadda wata ke jan teku, ruwa ya janye daga gaɓa ya kuma dawo, sau biyu a yini. Su rubuta, su ci jarrabawa ko su faɗi, su koma fadama. Shi kansa babban ruwan da ya taɓa gani shi ne na madatsar Goronyo. Kaltume ba ta taɓa yarda da zancen ba.

"Ruwa ya tafi da kansa, ya komo da kansa, kullum?" takan ce. "Malam, kai dai karɓi albashinka. Ni rijiyar gidanmu in ta janye sai damina."

Sun yi wannan gardamar tun suna amarya da ango har furfura. Khalid ya tashi yana jin ta. Da ya ga jirginsu zai yi yini guda a wata tashar ruwa ta Kanada, kusa da inda teku ke janyewa har mutum ya taka ƙasansa, sai ya ɗauki alkawarin raba musu gardama.

Uban ne ya tsara masa ranar, makonni biyu da suka wuce, yana zaune a ɗakin da har yanzu ke ƙamshin turarenta. Ya ce janyewar tsakar dare ba ta da amfani, jirgi bai iso ba. Ta tsakar rana za a nufa. Ya ce an yi sa'a ranar ta faɗo kusa da tsayuwar wata, lokacin ruwa ya fi nisa da janyewa, ya kuma fi saurin dawowa. Ya ce ya isa da wuri, ya bi ruwa yana tafiya, kada ya tarye shi yana dawowa. Ya bar wa kansa sarari na komawa, don jirgi ba ya jiran mai gyaran sanyi. Ya faɗi duk wannan dalla-dalla, har da maimaitawa, kamar a aji. Da ya kashe wayar ya lura cewa tun rasuwar wannan ne karo na farko da ya yi magana mai tsawo.

A hanya gonaki sun zama kara tsaye. An jingina dammunan gero a gindin itatuwa. Matar mai kaji ta tambaye shi ko zai ɗan matsa, ya matsa.

Ya tarar da Alhaji Ummaru a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, an shimfiɗa darduma. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Aka kawo fura, Malam Haliru ya kurɓa ya ajiye.

"To, ga yadda za a yi," in ji Alhaji Ummaru, yana gyara zaman hularsa. "In ya bugo, ni za ka miƙo ma. Shi ga zaure, shi ga dalbejiya, shi tabbata Shagari kake. In ce mai ta sha magani barci ya ɗauke ta, likita ya ce kar a tashe ta. Na hwaɗa ma mata kar wadda ta hito."

"In ya ce a nuna masa ita tana barcin fa?"

"Ɗan fari shi leƙa uwatai tana kwance? Ina anka taɓa haka? Ai ko a Turai yake ya san wannan."

"Ka iya tsari, Alhaji. Da kai aka ba ma'aikatar ilimi da ba mu lalace ba."

"Kai dai bakinka bai mutu ba."

"Shi kaɗai ya rage."

Suka yi la'asar a masallacin unguwa suka dawo. Wayar ba ta yi ƙara ba. Inuwar dalbejiya ta matsa, suka ja darduma suka bi ta. Alhaji Ummaru ya yi zancen tsadar taki, ya yi zancen wani rikicin iyakar gona a Mandera. Malam Haliru yana kallon wayar a kan gwiwarsa, yana lissafi ba da son ransa ba. Yaron ya makara. Ruwa ya riga ya kai ƙarshen tafiyarsa.

Sai ta yi ƙara.

Fuskar Khalid ta cika gilashin, cikin wata rigar sanyi mai ruwan lemo, iska na kaɗa masa hula. Ya yi ƙiba. Yana haki, yana dariya.

"Baba! Bas ta ɓata mini lokaci, wasu tsofaffin Turawa ne sai da kowa ya shiga bayi. Amma na iso. Duba! Duba inda nake tsaye!"

Ya juya wayar. Jar laka ce shimfiɗe har iyakar gani, tana ƙyalli. Ga wasu duwatsu dogaye masu siririn gindi da ƙaton kai, kamar rumbunan da aka manta a fili, da itatuwa a bisansu. Mutane ƙanana na yawo a ƙarƙashi. A jikin dutsen akwai baƙin zane can sama, ya fi tsayin hasumiyar masallacin Juma'a.

"Ka ga baƙin layin can? Nan ruwa yake kaiwa. Da safe duk wurin nan teku ne, Baba. Ina Inna? A kira ta ta ga ƙaryar Malam!"

Malam Haliru ya duba. Daidai yake da yadda littafi ya ce. Ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Ya miƙa wa surukinsa wayar, amma bai sake ta ba, suka riƙe tare.

"Kai, ɗan ruwa! Ka manta da kawunka ko?"

"Kawu! Ran Kawu shi daɗe. Ina gajiya? Ina jikin Inna?"

"Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzun nan ta sha magani, barci ya..."

A lokacin ne Malam Haliru ya hango Lawali mai albasa. Maƙwabcin gidan ne, tare suka yi wasan ƙasa da Kaltume, kuma tun farkon damina yana Kudu da kaya. Ga shi yana tahowa da sabuwar riga mai karin guga, tafiya a hankali, fuska a sunkuye. Tun daga nesa ya fara cire takalmi. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san wannan tafiyar. Mutumin da mutuwa ta faru ba ya gari, ba ya wuce ƙofar gidan kafin ya sauke nauyin.

Alhaji Ummaru ya ba hanya baya, yana can yana bayanin likita. Jan maɓallin kashewa yana ƙarƙashin babban yatsan Malam Haliru. Taɓawa ɗaya ce, a ce sabis ne ya yanke. Ya dubi maɓallin, ya dubi Lawali yana ajiye takalmansa gefe, ɗaya kusa da ɗaya. Ya janye yatsan.

Lawali ya yi sallama ya durƙusa. Muryarsa irin ta masu ciniki a bakin tirela ce, ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Alhaji, ashe haka Allah ya yi ikonsa. Jiya da dare na sauka anka hwaɗa min. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Kaltume, shi gahwarta mata, shi sa ta huta."

"Amin, amin, haƙuri da godiya," in ji Alhaji Ummaru, ya ɗaga tafin hannunsa. "Allah shi ba da lada."

Ya faɗe shi sau ɗaruruwa a kan wannan dardumar, bakinsa bai nemi shawararsa ba. Sai da ya shafa addu'ar a fuska ya tuna abin da ke ɗaya hannun.

Iska kawai ake ji daga wayar. Hoton ya karkace, ya nuna sama, ya nuna laka, ya dawo kan fuskar Khalid.

"Kawu. Wace Kaltume?"

Alhaji Ummaru ya juya ga surukinsa. Ya saki wayar, ya bar wa mai ita. Lawali ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Khalid," in ji Malam Haliru. Shi ma bai saba kiran sunan ba, ya ji shi baƙo a bakinsa. "Innarka ta rasu. A asibiti, da rana, ina wurin. Ba ta daɗe tana wahala ba. An yi mata sutura nan Shagari, kusa da mahaifiyarta."

"Yaushe?"

"Kafin yankan gero."

"Ranar da na kira ina ba ku labarin guguwa, ka ce tana jina."

"Ba ta nan."

"Ranar da muka tsara wannan fa?"

"Ba ta nan."

Khalid ya zauna. A kan lakar ya zauna, da rigar aikinsa, ya riƙe wayar nesa da fuskarsa. Bai yi kuka ba tukuna. Leɓunansa na motsi, ƙila inna lillahi yake yi, iska ba ta bari a ji ba. Babu wanda ya riƙe masa hannu. Wata Baturiya mai sanda ta wuce ta bayansa, ta dube shi, ta ci gaba.

"Wanga aiki naka ne, Haliru," in ji Alhaji Ummaru a hankali. "Ka gane shi tahe."

Malam Haliru ya matso da wayar. Idonsa na kan abin da ke bayan kafaɗar yaron. Can nesa, inda ɗazu laka ce, wani farin zare ya bayyana. Ƙananan kwaruruwa sun fara cika. Wani mutum mai rigar ma'aikata yana busa usur, yana kaɗa hannu, mutane na juyowa.

"Tashi," ya ce. "Ruwa ya juyo."

"Baba, ko wankanta..."

"Na sani. Tashi ka hau tudu. Na gaya maka ba a tarye shi yana dawowa."

"Me ya sa ba ku..."

"In ka hau sama ka tambaye ni duk abin da kake so, ka zage ni in ka ga dama. Ba zan kashe ba. Tashi, Khalid."

Yaron ya tashi. Hoton ya yi ta rawa, takalma cikin laka, numfashi, sai matakalar ƙarfe. A sama ya tsaya ya jingina da shinge, hannunsa ya sauka, wayar ta koma tana kallon ƙasa. Bai yi nufin nuna komai ba. Amma ga shi nan. Ruwa ja kamar kunun kanwa yana shigowa ba gudu ba tsayawa, ya zagaye gindin dutsen farko mai kama da rumbu, ya shafe sawun mutane, ya shafe gurbin da Khalid ya zauna.

Malam Haliru ya karkata wayar zuwa hagunsa, gefen da Kaltume takan zauna, yadda za a gani da kyau daga can. Har ya ja numfashin da zai ce to, ga shi nan.

Lawali ne a wurin, har yanzu a durƙushe, hannuwansa a buɗe, yana jiran mijin mamaciya ya amsa masa.

"Amin," in ji Malam Haliru. "An gode."