Kajin da Suka Cinye Ƙuri'ar Saude

Tun da sunan Saude ya fito a cikin mutanen gari da za su zaɓa wa ƙaramar hukuma aikin bana, bakinta ya ƙi rufuwa. Ita da ko taron suna sai ta nemi bayan ƙofa, yau ga ta a kan benci a filin firamare, har da lemon kwalba a hannu!

Ayyuka biyu aka kawo: rumfunan kasuwa ko rijiyar burtsatse a unguwarsu da ke bayan Bebeji. Mijinta Baffa, dillalin hatsi, shi ma yana cikin kwamitin, kuma tun a gida ya yanke hukunci: "Rumfa za mu zaɓa." Ta ce to. Amma wallahi ruwa take so. Wuyanta ya gaji da tulu.

Da Imran, ma'aikacin da aka turo, ya ce kowa zai shiga aji shi kaɗai ya jefa ƙwayar masara a ƙwaryar aikin da yake so, sai Saude ta ji kamar ta yi rawa. Ta shiga, ta jefa wa burtsatse, ta fito tana gyara mayafi kamar ba ita ba.

Aka tafi sallar azahar, aka bar taga a buɗe. Ko da aka dawo, kajin maƙwabta ne cike da ajin, zakara na tsaye a kan tebur, ƙorai sun zama tas.

"Sun cinye rumfar, sun sha burtsatsen!" in ji wani tsoho. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Imran na bin zakara da fayil, hularsa a ƙasa.

Da ya gaji ya ce, "Jama'a, a yi layi kawai. Masu rumfa dama, masu ruwa hagu."

Nan dariyar Saude ta tsaya cak. Tsoro ya kama ta, don tun da aka kawo ta gidan Baffa ba ta taɓa saɓa masa a gaban mutane ba. Ga shi can a dama yana yafito ta da hannu. Layukan kuwa sun yi kunnen doki, ita kaɗai ta rage a tsakiya. Ta miƙe, ta yi hagu.

"Ke Saude! Ina za ki?" in ji Baffa.

"Inda nake zuwa kullum da asuba, Malam. Ɗebo ruwa."

Baffa ya dubi wuyan nan nata da ya karkace, kunya ta rufe shi. Ya tattare babbar riga, ya ratsa fili, ya tsaya a bayanta.

"To, yau dai bari in raka ki."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, Saude ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.